Layar da Na Ɓoye a Bakanki

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan jirgi ya sauke ki Lyon lafiya, kin sami ɗakin yadda aka kwatanta mana, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin mutum da sharrin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki. Ki gaida abokina Alhaji Sani da iyalinsa, ki ce na gode da ɗawainiya.

Na cusa takardar nan tsakanin sallayarki da rigar sanyi kafin ki zuge jakar kayanki, don na san sai kin isa za ki gan ta. Kin san ni da baki, a kanti ba a cika kayar da ni a ciniki ba. Amma maganar nan sau uku ina ɗauko ta a gabanki ina fasawa. Sai na ce tunda baki ya ƙi, bari in gwada da hannu.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi. Maganar bakanki na harbi ce. Muna ɗaure kaya Mamanki ta nuna akwatinsa a saman almuwar ɗin tufafinki, ta ce ko za ki tafi da shi, tunda Lyon ma ana harbi. Ko ɗaga kai ba ki yi ba kika ce, "A bar shi nan, Mama. Ni ba ni da hannu." Shekara biyu ke nan kina yawo da wannan magana a ranki. Ba gaskiya ba ce, kuma ni na dasa miki ita. Ban so ki fara zaman kanki a wani gari da ƙaryata a cikin kayanki, shi ya sa na zauna rubutu.

Bari in faro daga nesa. Tun kina ƙarama nake cika miki kunne cewa ke jikar Sarkin Baka ce. Kakanki maharbi ne, wannan gaskiya ne. Yana da kwari da baka, yana shiga dajin gabas da Damagaram ya dawo da gada ko zabi, kuma bai cika dawowa hannu rabbana ba. Amma ba a taɓa naɗa shi sarkin komai ba. A nan unguwarmu ta Goutte d'Or a Paris na naɗa shi, a bakin kanti, wata rana ana shan shayi kowa yana faɗin asalinsa, na ga nawa ya yi kaɗan. Ba wanda ya musa, sai rawanin ya zauna.

Ni kuwa sau ɗaya tak na ja baka ina yaro. Ina da shekara tara ya miƙo mini nasa a bayan gida. Na ja da ƙyar, tsarkiya ta zabge mini hannu, na yar da bakan na fashe da kuka. Ya ɗauka, ya kakkaɓe ƙasa, ya dubi kakarki mai sunanki ya ce, "Wannan ɗan kasuwa ne." Kafin damina ta faɗi an kai ni birni wurin kawuna mai kanti. Iyakar ilimina na harbi ke nan, kuma da shi na yi shekaru ina yi miki malanta. Saboda haka idan aka tambaye ki a Lyon ke ɗiyar wa ce, ki faɗi daidai: ɗiyar mai sayar da shadda, jikar maharbin ƙauye. Ƙarya kiwo gare ta, wanda ya yi ta sai ya riƙa ciyar da ita kullum. Tawa da ke na ciyar da ita.

Kin tuna kina da shekara goma sha uku kika shiga kulob ɗin harbi, wurin Madam Odil, tsohuwar nan mai furfura da ke koya wa yara. Ranar da kika faɗa mini, daɗi ya kusa kashe ni. Na bi kanti-kanti ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bayan shekara biyu Madam Odil ta ce lokaci ya yi da za ki koma baka mai ƙananan tayoyi a kawunansa biyu, wanda in an ja shi ya wuce rabi sai nauyin ya saki. Ta rubuta mana kayan da za a saya a takarda, muka tafi shagon tare wata ranar Asabar.

Komai na bi takardar ban yi musu ba, sai da aka zo kan ɗan abin da kibiya ke kwanciya a kai kafin a sake ta, wanda suke kira repose-flèche, mu ce mazaunin kibiya. A wurinmu babu shi, kibiya a kan yatsan maharbi take kwanciya. Mai shagon ya jera mana iri uku a tebur. Na farko zobe ne cike da gashi kamar buroshi, kibiya ta shiga tsakiya, ko ka kifa bakan ba ta faɗuwa. Na biyu yana da ɗan hannu da zare, yana ɗaga kibiya idan an ja, ya faɗi ƙasa idan an saki. Na uku kuwa wani ɗan siririn ƙarfe ne kamar reza, mai baki biyu a kai, ka hura shi ya yi rawa.

Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na auna a tafin hannu, yadda nake auna shadda. Shekara talatin na san shadda mai nauyi ita ce mai kyau, marar nauyi cuta ce. Na ji mai buroshi ya cika hannu, na ce shi za mu ɗauka. Kika matso kika ce a hankali, "Baba, mai reza Madam Odil ta rubuta." Na ce, "Madam Odil ta taɓa kashe ko ɓera?" Mai shagon ya tambaya ko farauta za a yi ko harbin allo. Na buga ƙirji na ce mu maharba ne tun kaka da kakanni. Ya yi dogon bayani da Faransanci mai sauri, rabi na ji rabi ya wuce ni, kuma kunya ta hana ni ce miki ki fassara mini. Ya ɗaga kafaɗa ya sa mana mai buroshi a leda.

Ki lura, Uwata, mai buroshi ba shi da laifi. An yi shi ne don mai rarrafe cikin daji, wanda kibiyarsa za ta yi awa biyu a kan baka ba ya so ta zame. Ke kuwa tsaye kike a layi kina harbin takarda. Mutumin ya yi mini tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato me za a yi da abin, ni kuma na ba shi amsar wata tambaya, wato su wane ne mu. Duk abin da za ki zaɓa a rayuwa, ki fara amsa tambayarsa kafin tawa. In kuma ba ki gane magana ba, ki ce ba ki gane ba, ko a gaban ƙanƙanin yaro ne. Matambayi ba ya ɓata.

Lokacin sanyi kuna harbi cikin ɗaki daga mita goma sha takwas, abin bai nuna ba sosai. Da rana ta fito kuka koma fili, mita hamsin, sai kibanki suka fara watsewa. Ni ban taɓa sanin fukafukan robar da ke wutsiyar kibiya suna da wani aiki ba, don kiban kakanki kyauro ne da ƙarfe, ba su da fiffike ko ɗaya. Naki kuwa kowane harbi sai sun kutsa ta cikin gashin nan. Duk ƙarshen sati kina teburin kicin kina liƙa sababbi, ni ina wucewa ina ce miki ba ki iya adana kaya ba.

Madam Odil ta kira ni fili. Ta nuna mini fukafukan duk sun yamutse. Ta ce zoben yana riƙe da kibiya har wutsiyarta ta fita, don haka ɗan motsin da hannu ya yi a lokacin saki duk sai ya bi ta, kuma abin da bai kai gashi ba a nan ya zama taƙi a can. Na ce iska ce. Ba ta ja da ni ba. Ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko wani tsohon mai reza nata ta ɗaura miki. Kafin wata ɗaya kibanki shida suna taruwa a tsakiyar allo har hannu ɗaya ya kame su. Kin san abin da na faɗa a kanti? Na ce jini ne ya motsa. Ban ce wa matar nan na gode ba, ke kuma ban ce miki kin fi ni gaskiya a shago ba. Idan wani ya gyara ɓarnarki bai yi miki gori ba, ki je ki same shi da ƙafarki, domin shirunsa ba yana nufin bai gani ba.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi.

Kin ci harbi a nan Paris har aka ce za ki je babbar gasar matasa a Vénissieux, kusa da Lyon. Madam Odil ta ce za ta raka mu. Na ce ta huta, uba ɗaya ya isa. Na kira Alhaji Sani na ce ya shirya, jikar Sarkin Baka na tafe. Ranar Alhamis kuka yi awa biyu ke da Madam Odil kuna daidaita mazaunin, kuna harbi ta cikin takarda kuna duba huda, har kuka sa alama da farin alƙalami a inda ya tsaya. Ranar Juma'a da safe kika tafi makarantarku ta lise, jirginmu sai bayan la'asar.

Da kakanki ya rasu, gwaggona ta yanko wata 'yar laya daga jikin bakansa ta ba ni. Ba ta fi farcen babban yatsa ba, fatar ta yi baƙi don tsufa. Maharbanmu ba sa shiga daji da baka tsirara. Daidai inda kibiya ke kwanciya, nan suke ɗaure laya, kuma ba a faɗa wa kowa, wai in an faɗa ta karye. Tana cikin ɗan jakar takarduna tun kafin in zo ƙasar nan. Safiyar nan na shiga ɗakinki, na buɗe akwatin, na ɗauki ɗan kilenki mai kusurwa shida, na kwance babbar ƙusar da ke riƙe da mazaunin a jikin baka. Na zura layar tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na mayar daidai alamar, na murɗa har na ji ya yi tauri. Allah shaida, kyauta na nufa. Na ga ni bai bar mini bakansa gado ba, na ce bari ke ki samu. Ban san ƙarfe a kan fata ba ya ɗauruwa ba, fatar tana lotsawa a hankali, kowane harbi ƙusar tana saki kaɗan.

Ranar Asabar Alhaji Sani ya rufe kantinsa na unguwar Guillotière a Lyon, abin da ba ya yi ko ranar Sallah sai da rana. Ya tattaro abokansa huɗu, wasu daga aikin sito suka taso, har da fulas ɗin shayi. Muka shiga metro har ƙarshen layi muka taka zuwa filin. Ina gaba ina ba su labarin dajin da ban taɓa shiga ba.

Kiban gwaji suka tafi hagu. Kika murɗa ma'aunin saitin bakanki, suka dawo tsakiya, na ce da su Alhaji su zuba ido. Can sai suka fara tafiya dama. Kika sake murɗawa, suka yi ƙasa. Daga rawayar tsakiyar allo zuwa ja, daga ja zuwa shuɗi, har wata ta fita takardar gaba ɗaya. Ina ganinki kina duba kibau ɗaya-ɗaya, kina shafa tsarkiya, kika dubi farar alamar kika ga tana nan. Da aka ba da hutu kika zo bakin igiyar da ta raba mu da masu harbi, kika ce, "Baba, wani ya taɓa bakana?"

Na ce, "Wa zai taɓa? Tun Paris akwatin yana hannunki."

A lokacin ban yarda layar ce ke ɓarna ba, wannan gaskiya ne. Amma ba wannan kika tambaye ni ba. Kin tambaye ni ko an taɓa, na san amsa, na dube ki na yi miki ƙarya, don mutum biyar suna tsaye a bayana. Da na ce ni ne, da kin taɓa mazaunin da yatsa kin ji yana motsi, minti biyar sun isa a gyara. Kika ce to, kika koma layi kika harba sauran.

Kika ƙare can kusa da ƙasa. Alhaji Sani, Allah ya saka masa, ya ce, "Ranar ce haka, Alhaji. Gobe ma rana ce." Kunya ta rufe ni, na ga abokansa suna kallon ƙasa, na tuna duk cika bakin da na yi a metro. Sai na yi dariya na ce, "Bar ta kawai. Gado bai biyo ta nan ba, ba ta da hannu." Ban san kina bayana kina zuba kibau a kwari ba sai da na juya. Ba ki yi kuka ba. Kika rufe akwatin kika ɗauka da kanki, har Paris ba ki bari na riƙe miki ba.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naki. Ga abin da na koya, ki riƙe shi: idan kunya ta kama mutum a gaban jama'a, neman wanda za ta sauke a kansa take yi, kuma wanda ya fi kusa, wanda ba zai rama ba, shi take zaɓa. Ranar da kika ji ta taso miki, ki kama bakinki har ta wuce. Magana zarar bunu ce. Abin da ubana ya faɗa a kaina a bayan gida, gaban mutum ɗaya, shekara hamsin ban manta ba. Ni na faɗi irinsa a kanki a fili, gaban mutum biyar.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce rashin sani ne da zafin kunya. Ranar Litinin da kika tafi lise na sake shiga ɗakinki in cire layata. Ina sa kile ƙusar ta juya da kanta, ko ƙarfi ban sa ba. Na taɓa mazaunin da yatsa, ya yi gefe ya dawo. Layar ta faɗo a tafina ta baje, da shatin ƙarfe a tsakiyarta. Na zauna a bakin gadonki. Ban iya harbi ba amma ni ba wawa ba ne, na gane abin da na yi. Na mayar da mazaunin daidai farar alamar, na ɗaure shi tamau, na ce da yamma zan faɗa miki. Kika dawo kika gaishe ni, kika kawo mini shayi kamar kullum. Na karɓa na sha.

Ranar Laraba kika kai bakan kulob. Madam Odil ta duba shi sama da ƙasa, ta harba ta cikin takarda, ta ce lafiyarsa ƙalau. Dole ta ce haka, ai na share sawuna. Ke kuma me ya rage miki ki zarga? Baka lafiya, kibau lafiya, ubanki ya riga ya faɗi inda laifin yake. Daga nan na ga abin ya fara cin ki. Ki ja, ki kai ma'auni kan rawaya, yatsa ya ƙi saki, ki sauke. Wata rana kuma ki saki tun ba ki kai ba. Ina zuwa ɗaukarki ina kallo ta gilashi. Kafin sanyi ya shigo kika hau kujera kika ɗora akwatin a saman almuwar. Mamanki tana ta ce miki ki daure, ni ina cewa a bar yarinya ta yi karatu.

Kullum na ce gobe. Wata ɗaya ya wuce, na ce yanzu in na faɗa za ki ce me ya sa ban faɗa tuntuni ba, kuma kowace rana tambayar tana ƙara girma. Kuskure kamar ƙaya yake a ƙafa, ranar farko allura ce ke cire shi, in ya kwana biyu sai aska. Idan kin ɓata wa wani a Lyon, abokiyar ɗaki ce ko malama, ki faɗa kafin rana ta faɗi. Kada ki jira ranar da zai yi sauƙi, na jira ta shekara biyu ba ta zo ba.

Watan jiya, da takardar jami'arki ta zo, na ga za ki fita gidan nan da abin. Na rufe kanti da azahar na tafi kulob. Na ajiye layar a teburin Madam Odil na faɗa mata komai da guntun Faransancina. Ta ɗauki layar ta duba. Ta ce, "Shekara biyu ina tambayar kaina me na yi wa yarinyar nan." Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce ba ita ya kamata in faɗa wa ba. Na ce na sani, amma in zan rubuta miki, ina so ko sau ɗaya in faɗi maganar baka wadda na san ta. Ta ba ni bakan yara ta tsayar da ni mita goma. Tsarkiya ta zabge ni a daidai wurin da ta zabge ni ina yaro. Ta ɗaura mini wata fata a hannu ta ce in sake. A kibiya ta bakwai na sami allo.

Ga abin da ta faɗa mini a kan mazauni, na rubuta a bayan ambulan don kada in ƙara nawa. Ke kin san mafi yawansa, amma ki bar ni in faɗa. Ga mai harbin allo, mai reza ne ya fi, don ba shi da abin lalacewa kuma kaɗan yake taɓa kibiya. Sai dai rezar kauri-kauri ce, kuma nauyin kibiya ne ke zaɓa: sirara marasa nauyi na fili suna son mai laushi, masu kauri na cikin ɗaki suna son mai ƙarfi. In ta yi laushi da yawa kibiya ta riƙa lilo a kai, in ta yi tauri ta bugi wutsiya. Ta ce rezar da ke bakanki ta daɗe, a sauya ta, kuma a riƙa ajiye ta biyu a akwati. Mai faɗuwa ma yana da kyau, ba ya taɓa fukafuki sam, amma zarensa sai an daidaita lokacinsa, wanda ba shi da mai duba masa a sabon gari ya yi tunani tukuna. In kibiya tana zamewa daga reza lokacin ja, kada a ce mazauni ne, ko dai jan ya yi gaggawa ko bakan ya yi nauyi.

Ta ce a ɗaura shi ƙarfe a kan ƙarfe, ba komai a tsakani. Da ta faɗi wannan ta dube ni. A harba ta cikin takarda a ga huda ta fita zagaye, a barbaɗa hoda a fukafuki a ga ko suna gogar wani wuri, sannan a je nesa. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a rubuta. Kafin kowace gasa kuma kada a tsaya ga kallon alama, a sa yatsa a tura shi a ji ko yana motsi. Ta ce mazauni ba ya sa kibiya ta tafi daidai, aikinsa kawai ya yi abu ɗaya kowane harbi, ya riƙe ta, in lokaci ya yi ya sake ta kada ya bi ta. Ban san ko da ni take ba, ban tambaya ba.

Layar tana cikin ambulan ɗin nan, a naɗe cikin takarda. Na sa ta ne don kada ki ce tsoho ya ƙirƙiro labari ya lallashe ki. Ki dubi tsakiyarta za ki ga shatin ƙarfen. Ban zargi layar ba, ban zargi kakanki ba, shi a kan icce ya ɗaure ta da jijiya inda ba ta hana komai. Da addu'a nake so in yi miki, ai addu'a ba ta buƙatar kile, sai in ɗaga hannu a bakin fili kowa yana gani. Ki ajiye ta ko ki yar, taki ce.

Na faɗa wa Mamanki sati biyu da suka wuce. Ta ajiye ludayi ta zauna. Abin da ta ce kawai, "Ka bar ni ina ce mata ta daure." Har yau gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba. Alhaji Sani bai sani ba tukuna, don ke ya kamata ki riga shi. A gabansa na kunyata ki, a gabansa ya kamata in wanke ki. Duk ranar da kika ce, zan hau jirgi in zo Guillotière, ya tara mutanen nan huɗu a kantinsa, in faɗa musu abin da na faɗa miki, har da maganar sarautar kakanki. In kuma kin ce ba kya so a tada zancen, ba zan tada ba.

Bakan ma haka. Na so in ba wani mai zuwa Lyon ya kai miki, har na jawo kujera zan hau, sai na ga wannan ma zaɓa miki ne zan sake yi. Madam Odil ta san wani kulob kusa da layin tram ɗinku, ta ce ki kira ta in kina so. Ban ce ki koma harbi ba. In kin bar shi don ya fita ranki, wannan naki ne, ba mai tuhumarki. Amma kada ki bar shi don abin da na faɗa a filin nan. Ranar nan da baka mai motsi kika harba, kuma duk da haka yawancin kibanki suna cikin allo.

Ina jin kunyarki, Uwata, kunyar da ban taɓa ji a gaban wani ɗan Adam ba. Ina roƙon gafararki, amma ban sa miki rana ba. Kin ce za ki riƙa kiran gida kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Ni zan ɗauki wayar. In kin ce in ba Mamanki, zan miƙa mata ban ce komai ba. Juma'a mai zuwa ma ni zan ɗauka, da ta bayanta, har ranar da za ki tsaya mu yi magana.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci mai zafi, ki rufe wuyanki in sanyi ya shigo. Allah ya buɗa miki karatu, ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da mai cutar da ke ko da sunan ƙauna ne. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu